Hakkin Tsuntsu a Kan Ruwa

Ni mutumin Kongolam ne, a ƙasar Daura, bakin iyakar Nijeriya da Nijar, aikina kuwa rubutu ne a ofis. Wanda ke zaune a garin iyaka ya kan ga abin da mutanen tsakiyar ƙasa ba su gani. Kullum ina ganin an tsai da motoci a shinge, ana duba takardu, ana kwance kaya. A shekara ta 2019 aka rufe iyakar nan, a 2023 kuma aka sake rufe ta, fatauci ya tsaya, mutum yana hangen garin danginsa ba shi da ikon zuwa. Amma a cikin shekarun nan duka, da kaka ta yi, sanyi ya fara shigowa, in ka ɗaga kai da magariba sai ka ga tsuntsaye jere a sama, sun fito daga arewa sun nufi kudu, ba wanda ya tambaye su fasfo. Tun ina yaro na ke ganinsu, ban taɓa tunanin inda za su ba, sai ran da wata gardama ta tashi a ƙofar gidanmu.

Muna zaune bayan la'asar, sai ɗan wana, wanda ke karatu a Katsina, ya nuna mana wani hoto a wayarsa. Tafki ne babba a ƙasar Kenya, bakinsa duk ya yi ja-ja da waɗansu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, ba su ƙidayuwa. Ya ce sunan tsuntsun filamingo, kuma hukuma ta keɓe musu tafkin, ta sa ma'aikata suna tsaronsu, mutane suna tahowa daga Turai da Amurka suna biyan kuɗi don su gan su kawai. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu a wurin, manomi ne, ya kuma yi farauta da ƙuruciyarsa. Ya duba hoton, ya mayar wa yaron, ya ce, “Yaro, wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. A ce ana tsaron tsuntsu da bindiga, ɗan Adam yana kwana da yunwa?” Yaron ya ce, “Baba, ai a ƙasarmu ma akwai irin wurin nan, wajen Nguru.” Dattijo ya ce, “To, wannan ya fi muni.”

Aka yi dariya aka watse, amma ni maganar ba ta bar ni ba, domin tambaya ce ta gaske, kuma ba ta wawa ba ce. Shin daidai ne a keɓe wa tsuntsu ruwa da fadama a ƙasar da talaka ke neman abin da zai ci? Abin da na ke so mu duba ke nan, ni da kai mai karatu, a tsanake.

Bari mu fara da tsuntsun da ya jawo maganar. Filamingo ba ya cikin tsuntsayen da muka saba gani a ƙasar Hausa. Yana da dogon wuya da lanƙwasasshen baki, in zai ci abinci sai ya sunkuyar da kansa cikin ruwa, ya tace ƙananan halittu da gansakuka kamar yadda mace ke tace gasara. Jan launin jikinsa daga abincin nan ya ke samunsa, gama ɗansa da launin toka a ke ƙyanƙyashe shi. Ya fi son ruwa mai gishiri ko mai kanwa, irin wanda sauran dabbobi ba su iya sha. A ƙasar Tanzaniya akwai Tafkin Natron, ruwansa kanwa ce mai ƙarfi, har namun daji ba su iya ratsa shi. Can ne ƙaramin jinsin tsuntsun nan ke tara taɓo ya yi tudu, ya sa ƙwai ɗaya tak a bisa. Masana sun ce cikin kowane huɗu na wannan jinsi a duniya, wajen uku can aka ƙyanƙyashe su. An yi niyyar kafa masana'antar kanwa a bakin tafkin, jama'ar wurin da masu kula da tsuntsaye suka yi tsaye, a 2008 aka janye niyyar, ko da ya ke maganar ta kan sake tasowa. Ka ga fa, da an ɓata tafki guda, da an kusa shafe wata halitta daga doron ƙasa.

To, mu dawo gida. Abin da yaron ya faɗa gaskiya ne. Kogin Haɗejiya, wanda ya samo ruwa daga kogin Kano da na Challawa, da kogin Jama'are, wanda ya gangaro daga tsaunukan Jos, suna haɗuwa a wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa. Da damina ta yi nisa sai ruwa ya malala ya rufe ƙasar, sa'an nan ya janye sannu sannu, ragowar ta bi kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Can ne tsuntsayen da ke wucewa bisa Kongolam, da yawa daga cikinsu, su ke sauka. Waɗansu daga Turai su ke tahowa, waɗansu daga ƙasar Rasha, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, ruwan nan yana cikin na farko da su ke tararwa bayan hamada. Su tarad da 'yan gida, watau kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela. An rubuta irin tsuntsaye fiye da 370 a fadamar nan, kuma a ƙidayar da aka yi a watan Janairu na 1997 an sami tsuntsayen ruwa fiye da 300,000.

Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya da sanyi ba. A 1822 aka harbo wani farin tsuntsu ɗan'uwan shamuwa a ƙasar Jamus, aka tarad da mashin mutanen Afirka soke a wuyansa, ya yi tafiyar dubban mil da shi. Har yanzu yana ajiye a jami'ar birnin Rostock. Wannan ya nuna musu tsuntsun da su ke kira nasu, rabin shekararsa a wurinmu ya ke yi. Saboda haka a 1971 ƙasashe suka yi taro a garin Ramsar na ƙasar Iran, suka ƙulla alkawarin kiyaye fadamu da tafkuna. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashin alkawarin nan, a shekara ta 2000. A 2008 aka ƙara da Baturiya ta jihar Jigawa da tafkin Dagona na ƙasar Bade a jihar Yobe. Dagona ita ce mafakar tsuntsayen da yaron ke nufi. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya je ya gan ta a 1989, daga 1991 kuma ta shiga cikin gandun dajin Gwamnatin Tarayya na yankin Chadi.

Yanzu sai mu koma ga tambayar dattijo. Shi a ganinsa ruwan nan kamar tuwo ne a akushi, lomar da tsuntsu ya ɗauka ta fita daga rabon mutum. Amma wa ke ci daga fadamar nan? Mutane fiye da miliyan ɗaya. In ruwa ya malala, manomi ya shuka shinkafa, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. In ruwa ya janye, a bi laima a shuka wake da kayan lambu, masunta su kama kifi a banda a kai Kano da kudu, Fulani su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa da rani, mata su yanki kaba su saƙa tabarma, rijiyoyin ƙauyuka masu nisa su sami ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Duk wannan a bisa abu guda ya ke tsaye, watau ruwa ya zo a kan lokacinsa, ya tafi a kan lokacinsa. Tsuntsu ma abin da ya ke bukata ke nan, ba ƙari. Shekarar da ruwa ya cika, masunci ya yi dariya, tsuntsu ya cika sama. Shekarar da ruwa ya gaza, su biyu su ke tashi su bar wurin, sai dai shi tsuntsu ya fi saurin tashi.

Wa ya rage ruwan, in ba tsuntsu ba? Fari ya rage shi, musamman na 1973 da na 1984. Mutum kuma ya rage shi. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 aka gama ta Challawa. Ba na zargin waɗanda suka gina su, gama birnin Kano daga gare su ya ke sha, manoman Kadawa da Kura kuma da su su ke noman rani, tumatir da shinkafar da mu ke saye a kasuwa da yawa daga can su ke. Amma madatsa ta sake halin kogin. Malalar damina ta ragu, da rani kuma ruwa ya riƙa gudana kaɗan kaɗan a hanyoyin da a da su kan bushe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ciyawar nan kachala, wadda ke son ruwan da ba ya ƙafewa, ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, har wani gari ruwa ya ci gonakinsa, wani kuma na gaba da shi ya rasa ko na dabbobi. Mutanen Senegal sun ga irin wannan a mafakar tsuntsayensu ta Djoudj, inda filamingo ke sauka, bayan da aka gama madatsar Diama a 1986. A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka yi lissafin amfanin ruwan Haɗejiya, suka tarar mudun ruwan da aka bari ya malala fadama ya fi kawo wa jama'a amfani, in an haɗa noma da su da itace, bisa mudun da aka tsare a sama don noman rani.

Mu mutanen Daura bai kamata a koya mana wannan karatu ba. Labarin da mu ke ba 'ya'yanmu na rijiyar Kusugu ne, da macijin da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Abin da labarin ke nunawa shi ne, wanda ya zauna a kan ruwa ya hana na bayansa, shi ne abin tsoron gari. Masuncin Nguru da tsuntsun Dagona duka na baya ne, a ƙarshen layi su ke tsaye da tulunansu. In aka sa su faɗa da juna, an ɓad da su daga inda maganar ta ke.

Ko da ya ke haka ne, ba na so in tsaya a kan amfani kaɗai, kamar tsuntsu ba shi da hakki sai in ya kawo mana riba. A makarantar allo muka ji Alkur'ani mai girma ya ambaci tsuntsaye da cewa al'ummomi ne kamar yadda mu ke al'umma. Malamai sun karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ta hana ta abinci, da mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare. An kuma ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga uwar tsuntsu tana shawagi don an ɗauke mata 'ya'ya, ya yi umurni a mayar mata da su. Keɓe ƙasa don amfanin kowa ma ba Bature ya fara kawo shi ba. An keɓe makiyaya kusa da Madina tun zamanin Annabi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe wata. Hurumin gari da burtali da makiyayar da kakanninmu suka bari duk wannan asali ne.

Dubi kuma shamuwa. Ta kan zo mana gab da damina, ta yi sheƙa a bisa tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ta yi 'ya'yanta, da kaka ta koma kudancin Afirka. Ba dogari ke tsaronta ba, ba kuwa doka a takarda, amma yaron da ya jefe ta kowane babba ya gan shi sai ya tsawata masa. Wannan ita ce mafakar tsuntsu ta ainihi, a cikin zukatan mutanen gari aka shata ta. Inda babu wannan kuwa mun ga abin da ya faru. Gauraka, wanda a ke kira tsuntsun ƙasar Nijeriya, dubbai ne a fadamun Arewa a farkon shekarun 1970. Aka yi ta kama shi ana sayarwa don ado a gidajen masu hali, fadamunsa kuma suka ƙafe, yau da wuya ka gan shi a daji. Ungulu da mu ke kora a mahauta muna yara, yaushe rabonka da ganin ta? An kashe ta da guba, an sayar da sassanta ga masu tsibbu, har a 2015 aka sa ta cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Mushen da ta kan share mana kyauta yanzu sai ya ruɓe a bayan gari. Ba wanda ya ƙoshi saboda ƙarewar waɗannan biyu.

Amma fa dattijo yana da gaskiyarsa, kada mu danne ta. Akwai tsuntsu mai ɓarna. Jan-baki in ya sauka a gonar gero ko shinkafa, garke guda ya kan cinye wahalar shekara a 'yan kwanaki, kuma cikin kachalar nan ya ke samun maɓoya. Manomin da ya kori jan-baki bai yi laifi ba, wajibi ne ma hukuma ta taimake shi. Haka kuma maharbin da ya harbi agwagwar ruwa guda don miyar gidansa, halal ya ci. Abin da shari'a da hankali suka ƙi shi ne ɓarna, watau kisa don wasa, da kwashe ƙwai, da zuba maganin ƙwari a ruwa don a kwashi kifi ko tsuntsu gaba ɗaya. Gaskiyarsa ta biyu ta fi wannan nauyi. An sha keɓe daji a ƙasashe da yawa ba a shawarci mutanen wurin ba. Mutum ya wayi gari a ce tafkin da kakansa ya yi su a ciki ya zama na hukuma, in ya shiga a kama shi, sa'an nan ya ga baƙo ya zo da mota an buɗe masa ƙofa. Wanda aka yi wa haka ba zai so tsuntsu ba har abada, kuma ba shi ne da laifi ba.

Sauran maganar kuɗin baƙi masu zuwa kallo. Abu ne mai kyau, ina fata ya yawaita. Mai kwalekwale ya sami haya, saurayin da ya san sunayen tsuntsaye ya sami aikin rakiya, mai abinci da mai tabarma su yi ciniki, kuma ba a rage ko gashin tsuntsu ɗaya ba, gobe a sake nuna shi ga wani. Tsuntsun da aka harba sau ɗaya a ke sayar da shi, wanda aka bari kuwa kowace shekara. Amma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Tun da fitina ta tashi a arewa maso gabas a 2009, baƙin waje suka ɗauke ƙafa daga wannan yanki. A 2020 annoba ta tsai da tafiye-tafiye a duniya duka, har Kenya ta rasa baƙinta. Can ma tafkin Nakuru, da ruwansa ya ƙaru kanwarsa ta tsarma, filamingo da yawa suka tashi suka koma tafkin Bogoria. In dalilinmu na kiyaye tsuntsu kuɗin baƙo ne kaɗai, ran da baƙo ya daina zuwa dalili ya ƙare. Sai mu kiyaye shi don hakkinsa da don ruwanmu, in kuɗin baƙo ya zo ya zama ƙari. Baƙon da ya fi kamata a jawo kuwa shi ne na gida, ɗan makarantar Daura da na Katsina da na Kano, ya je ya ga abin da Allah ya ajiye a ƙasarsa.

Amsata ga dattijo ke nan. Daidai ne a keɓe wa tsuntsu wuri, amma da sharuɗɗa. Na farko, kada a shata iyaka sai an zauna da masu unguwa da sarkin ruwa da arɗon Fulani da manoma, an ji ta bakinsu. Na biyu, a bar wa mutane hanyar abincinsu, a faɗi lokacin su da lokacin kiwo da lokacin da za a bar wurin ya huta, aikin tsaro da na rakiya kuma a ba 'ya'yan wurin. Na uku, dokar da ta hana talaka tarko ta hana mai mota bindiga. Na huɗu, wanda ya fi duka, masu riƙe da madatsun ruwa su saki rabon na ƙasa a kan lokacinsa, a kuma taru a share kachala. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da Baturiya gandun daji na ƙasa, a shekarar kuma hukumar UNESCO ta sa fadamar Haɗejiya da Nguru da Bade cikin wuraren da duniya ke kula da su. Suna ne mai kyau, amma tsuntsu ba ya karanta takarda, ruwa ya ke dubawa.

Kai kuma mai karatu, kada ka ce Nguru ta yi maka nisa. Akwai madatsar Sabke da ta Daberam a nan kusa da mu, akwai tafkin bayan garinku, akwai itacen da balbela ke kwana. Ka hana ɗanka ɗaukar ƙwai a sheƙa, kada ka sare itacen da shamuwa ta zaɓa, in ka ga mai zuba guba a ruwa ka gaya wa mai unguwa. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Na koma wurin dattijon nan na gaya masa abin da na rubuta. Ya saurara har na gama, bai ce na yi gaskiya ba, bai kuma ce na yi ƙarya ba. Sai ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Malam, da ina saurayi kukan gauraka ke tashe mu da asuba a fadama. Jikokina ba su san muryarsa ba.” Ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci.

Allah ya ba mu ikon riƙon amanar abin da ya ba mu, mu bar wa na baya ruwa da tsuntsayensa, amin.